Saniyar Jidda a Garken Wani

Tun da hanyar gabas ta fara buɗewa, samarin garejinmu na unguwar Gamboru a Maiduguri suka sa ni gaba. Kowa yana so in ɗora shi a kan aikin kai baƙi jeji. A ganinsu aikin bai wuce ka wanke mota, ka kwashi masu kyamara, ka nuna musu barewa da yatsa, ka dawo gida ana kiranka oga ba. Ban ga laifinku ba, daga nesa kuke hangen abin. To tunda kun matsa, ku gyara zama. Tuƙi dai ba zan koya muku ba, wannan kowane ɗan tasha ya iya shi.

Ranar farko da na fita da maigidana Ba Kyari, wani tsohon direba ɗan unguwar Moduganari, bai bar ni na taɓa sitiyari ba. Sanda ya miƙo mini, doguwa, mai ƙarfe a tsini. Muna sauka daga kwalta bayan Dikwa ya taka burki, ya ce in fita in yi gaba. Wurin shi ake kira firgi, baƙar ƙasar laka shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ba tudu ba dutse, sai ciyawa da itatuwan ƙaya jefi-jefi. Da damina ruwa ke kwanciya a kanta. Da rani ta bushe ta tsattsage har ƙafar mutum ta iya faɗawa. Tsakanin biyun nan ne take cin mota, sama ta bushe ƙamas, ƙasa kuwa kunu. Ina tafe ina soka sanda, mota na bina a baya sannu sannu, Ba Kyari yana leƙowa ta taga yana cewa, "Bukar, soka da ƙarfi mana, ba ƙwai aka binne a wurin ba." Haka na ƙare kakar nan a ƙasa, ni da na zo koyon mota.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Shebur, farantan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse, jak da katakon da zai zauna a kai, igiya, gatari, jarkokin ruwa. Akwai kuma madubin hangen nesa da wani Bature ya manta a mota. Ba Kyari ya ce amana yake riƙe masa, kuma har Allah ya karɓi ransa yana riƙe da amanar nan a wuyansa. Amma abin da bai taɓa fita babu shi ba, sukari ne da ganyen shayi. Na sha ganin mun bar gari da taya mai faci a kan faci, ban taɓa ganin mun bar gari babu sukari ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce taya tana kai ka wurin mutane ne kawai, ba ta sa su ce maka sauka.

Baƙinmu iri-iri ne. Akwai 'yan kallon namun daji, Turawa da 'yan boko daga Legas da Kaduna, waɗanda ke so a nuna musu giwa da raƙumin dawa da jimina duk kafin azahar. Su ne masu wahala. Sai ka yi ta lallashi, kana gaya musu giwa ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, ba ta da lokacin zuwa ofis. Wani lokaci kashinta kaɗai za ka samu, ka tsuguna ka fasa shi da kara, ka ce ai ba ta jima da wucewa ba, su yi ta ɗaukarsa hoto suna murna. Akwai 'yan ziyara, yawanci tsofaffi, masu zuwa Kukawa su yi addu'a a kaburburan Shehunan da. Waɗannan ba su da rigima, in dai za ka tsaya musu a kan lokacin salla. Na taɓa tashin wata Hajja daga gyangyaɗi don ta ga raƙuman dawa suna tsallaka hanya a gabanmu. Ta buɗe ido ɗaya ta dube su, ta ce, "Yarona, ni ba wurinsu na zo ziyara ba," ta koma barcinta. Sai kuma masu son kwana a mashekarin makiyaya, wato inda suke sauka da shanunsu, su sha nono, su ga tatsa, su koma gida suna ba da labari.

Duk waɗannan wuri ɗaya suke haɗuwa, wato masauki. A firgi babu otal. In rana ta yi sanyi dole ka sami mai shanun da zai ce muku ku sauka. Shi zai gaya maka inda giwaye suka sha ruwa jiya, da inda laka ba ta gama bushewa ba, da hanyar da ba a bi wannan makon. In ba ka da mai masauki, ba ka da sana'a, mota kawai gare ka.

Namu mai masaukin shi ne Jidda, Balaraben Shuwa, dogo, siriri, mai tsadar magana. Ba Kyari ya gaje shi daga mahaifinsa, ni kuma na gaje shi daga Ba Kyari. Shanunsa jajaye ne masu gajerun ƙahoni, kowacce da tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar gidansu ke nan tun kaka da kakanni. Ƙa'idar zuwa wurinsa ɗaya ce. Ba a isa da rana tsaka. Sai la'asar ta yi sanyi, lokacin da shanu ke dawowa daga kiwo, sannan ka kashe mota daga nesa ku ƙarasa da ƙafa. A gaisa, a tsaya a ga shigowar garke, bayan nan a kawo ƙwaryar nono. Wannan jerin ba don ado aka yi shi ba. A wurinsu, in kana da magana da mutum, ka yi ta kafin ƙwarya ta iso bakinka. Da zarar ka sha nononsa ka zama baƙonsa. Ba ka ƙirga masa shanu, ba ka tambayar inda ya samo su, ba ka kuma tayar masa da wata ƙara a inuwarsa.

Na taɓa kai wani Alhaji ɗan kasuwar Kano wurin. Mutumin kirki ne, sai dai hannunsa ya saba da lissafin dila. Ya sha nono ya goge baki, ya ɗaga yatsa ya fara bin shanu ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar ya ci gaba. Na sake takawa, wannan karon da dunduniya. Ya ce, "Kai direba, lafiyarka?" Jidda tashi kawai ya yi ya koma ta ɗaya gefen ya zauna, ya tare masa gani da jikinsa. Washegari ya ja ni gefe ya ce, "Bukar, wannan baƙon naka, nan gaba ka ciyar da shi tun daga gida." Iyakar faɗan Jidda ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai shekarun fitina suka zo. Ba sai na ba ku labarinsu ba, a cikinsu kuka girma. Turawa suka fara ɗaukewa, sannan 'yan boko, daga ƙarshe har tsofaffin nan masu ziyara suka haƙura suka koma yin addu'arsu daga gida. Namun daji waɗanda ba a cinye ba suka tsallaka iyaka. Ni na cire kujerun baya na koma ɗaukar buhunan wake da albasa a cikin gari, farantan ƙarfen nan kuma matata ta mayar da su murfin kwata. Labarin Jidda a kasuwa na ji shi. Masu bindiga sun zo da hantsi sun kora garken gaba ɗaya, shi da iyalinsa suka shigo Maiduguri da ƙafa.

Na same shi daga baya a kasuwar shanu, ya zama dillali. Ya kama ɗakuna biyu a unguwar Lamisula, a wani lungu da ko akuya sai ta karkace take wucewa. Aikinsa ya buɗe bakin saniya ya duba haƙori, ya dafa tozo, ya latsa cinya, ya faɗi abin da za ta yi, a loda ta a tirela zuwa Kudu. Ya iya aikin, don babu mai shigo masa da tsohuwa a ce karsana ce. Mukan sha shayi tare ranar Juma'a bayan an sauko. Bai taɓa yi mini zancen garkensa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Da abubuwa suka lafa, mutane suka fara nemana. Ba Turawa ba, waɗannan har yau shiru. 'Yan ziyara ne suka fara, sai kuma wasu sababbin baƙi da ban san da su ba a da, wato 'ya'yan makiyayan da suka girma a gari, masu shaguna da masu karatu, suna so a kai su su ga ciyawar da iyayensu ke zance. Mota tana nan, na mayar da kujeru. Abin da babu shi ne masauki. Na yi ta cigiya har aka gaya mini wani Abakar ya sauka da shanunsa kusa da tsohon mashekarin Jidda, kuma shi kaɗai ne a duk wannan yankin. Amma makiyayi a yanzu in ya hango ƙurar mota daga gari, ba shimfiɗa tabarma yake fara yi ba. Abakar bai san ni ba. In ya ce a'a, to sai in sake cire kujeru in koma wa albasata.

Na je Lamisula na sami Jidda a ƙofar gida.

"Wushe, Ba Jidda," na gaishe shi da harshen gari.

"Wushe, Bukar. Yau ba Juma'a ba ce."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Na ce so nake ya raka ni ya yi mini magana da harshensu, don in Abakar ya ji daga bakinsa zai fi yarda. Ya daɗe yana kallon kwatar da ke gabanmu, sannan ya ce, "Ciyawa ta yi tsawo bana?" Na ce an ce ta kai ƙugu. Ya ce to in zo in ɗauke shi ranar da ba kasuwa.

Matsalar ita ce lokaci. Yanzu akwai shingen jami'an tsaro a hanya, kuma suna rufewa tun kafin la'asar. In kana son wucewa sai ka wuce da wuri. Don haka muka isa mashekarin Abakar da azahar, rana a tsaka, shanu duk suna wurin kiwo. Na kashe mota daga nesa muka taka. Abakar ya fito, mutum ne kakkaura da bai kai Jidda shekaru ba, 'ya'yansa manya biyu suna tsaye a bayansa da sanduna. Gaisuwar farko a bushe aka yi ta. Sai Jidda ya juya harshe zuwa Larabcinsu, ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa. Abakar ya faɗi nasa. Suka yi ta hawa suna sauka a kan sunayen matattu har suka haɗu a wurin wata kaka. Nan fuska ta saki, aka ce, "Faddal," wato bisimilla, aka shimfiɗa tabarma. Na ajiye sukari da ganyen shayi a gefe.

Matar Abakar ta kawo ƙwarya. Aka fara miƙa wa Jidda, shi ne babba. Na ga ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗaga kai ya dubi shingen ƙayar da shanu ke kwana, wanda babu komai a ciki sai 'yan maruƙa. Ya ɗan jima a haka. Amma ba a riƙe ƙwaryar mutum a hannu ana tunani. Ya yi bisimilla ya kafa kai, ya miƙo mini. Aka yi maganata. Abakar ya saurara, ya yi tambayoyi a kan irin mutanen da zan riƙa kawowa, ya ce mu kwana, zuwa safe zai ba ni amsa.

Da la'asar sakaliya garke ya dawo. Jidda ya miƙe ya je bakin hanyarsu ya tsaya, hannuwa a baya, kamar yadda ya saba tsayawa a nasa. Shanun gauraye ne, farare da jajaye, irin garken da aka harhaɗa daga kasuwa. Suna wucewa yana kallo. Can wajen ƙarshe sai ga wata tsohuwar ja, bayanta ya fara lotsawa, tana tafe a hankali. Ni ma na ga tsaga biyun nan a kunnen hagun. Jidda bai kira ta ba, wannan zan iya rantsuwa a kai. Wani ɗan sauti dai ya fita daga harshensa, irin wanda makiyayi ke yi ba tare da ya san ya yi ba. Saniyar ta tsaya. Ta juyo, ta bar layi, ta zo ta cusa hancinta a hammatarsa tana huci. Wasu jajaye matasa suka biyo ta, da ɗan maraƙi, suka tsaya a bayanta.

Ku da ba ku san shanu ba, bari in gaya muku abin da kowa a wurin ya gani. Saniyar da aka sace, in mai ita ya gane ta a gaban shaidu, tasa ce, kuma abin da ta haifa ma maganarsa tana tasowa. Jajayen nan da suka biyo ta 'ya'yanta ne da jikokinta. Mutumin da ke kwana a ɗakin haya a Lamisula yana tsaye ne a gaban abin da zai iya zame masa garke. 'Ya'yan Abakar suka matso. Matan suka bar abin da suke yi. Ni kuwa, gaskiya, na ce a raina shi ke nan, masauki ya tafi, in ma an rabu lafiya.

Abakar ya yi magana da Hausa, ina jin don in zama shaida.

"Ammi," ya ce, haka suke kiran wanda ya kai matsayin baffa, "a kasuwa na saye ta, a ƙetaren iyaka. Waɗanda aka yi a gabansu suna raye."

Jidda yana shafa wuyan saniyar, bai dube shi ba. "Na tambaye ka?"

"Ba ka tambaya ba."

"To. Na sha nononka."

Ya zare hannunsa daga jikinta, ya tura ta da tafin hannu ta koma cikin 'yan'uwanta, ya nemi buta. Muka yi magariba, shi ya ja mu. Aka kawo tuwo aka ci, aka yi hirar farashin dusa da ta ruwan bana. Babu wanda ya sake ambatar saniya.

Da safe na fito duba ruwan mota, sai na tarar da ita ɗaure da igiya a jikin ƙarfen gaban motar. Abakar yana tsaye a gefe, da gani bai yi barcin kirki ba. Jidda ya fito yana gyara rawani, ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Taka ce, Ammi. Ba ka nema ba, ni na bayar. In mota ba za ta ɗauka ba, 'ya'yana za su koro maka ita har gari. Sauran kuma a tara manya a zauna, abin da suka yanke na yarda."

Jidda ya tsuguna a gaban motar. Ƙullin ya yi tauri, ya sa haƙori ya sassauta shi, ya kwance, ya naɗe igiyar a hannu ya miƙa wa Abakar.

"In kai ta ina? Lamisula? Ta ci leda a bakin kwata?" Ya girgiza kai. "Babu manyan da za a tara. Da na ga garkenka kafin ƙwarya, da wata magana ce. Allah bai tsara haka ba."

Ya juya wurin matar Abakar, wadda ke tsaye da ƙwaryar tatsa. Ya ce mata sunan saniyar Hamra. Ya ce ba ta son a zo mata ta dama, kuma in ta riƙe nono a sosa mata ƙarƙashin wuya, za ta saki. Matar ta ce shi ya sa, shekara da shekaru suna fama da ita. Wani ya fara 'yar dariya, sai ya haɗiye ta.

Abakar ya dube ni ya ce, "Direba, ka kawo baƙinka. Ko ba na nan, a sauke su." Abin da na zo nema ke nan, kuma na samu, na yi masa godiya. Tun daga ranar a wurinsa nake sauke mutane. In ɗayanku ya kama aikin nan, can zan fara kai shi, da sanda a hannu.

Mun yi sallama, har Jidda ya buɗe ƙofar mota, sai ya saki ya koma. Na ɗauka wurin saniyar zai je. Wurin Abakar ya je, ya kama hannunsa.

"Abu ɗaya zan roƙa. Ta tsufa, haƙoranta sun kusa ƙarewa. In lokacinta ya yi, ka yanka ta a nan, ku ci da iyalinka. Kada ka kawo ta kasuwar Maiduguri."

Abakar ya ce, "Don me, Ammi?"

"Don ni ne dillali a can. Hannuna za ta biyo."

Ya shigo ya ja ƙofa, ya ce, "Bukar, tayar, kada su rufe mana hanya."